Yadda ake gane ƙwandala mai kuskuren bugu da wadda ƙasa ta ci

Samari da yawa a nan Tawa sun fara tara ƙwandaloli tun da suka ji ana sayen masu kuskuren bugu da tsada. Sai ka ga yaro ya zo da dala biyar baƙa ƙirin, ya ce, "Kawu, wannan daga Faransa ta fito haka." Yawanci ba haka ba ne. Ƙwandalolinmu na sefa a masana'antar Monnaie de Paris ta Faransa ake buga su, kuma kuskure na gaske yana faruwa ne kafin tambari, wato abin da ke buga zanen ƙwandala, ya sauka a kan ƙarfe ko a daidai lokacin. Duk abin da ya same ta bayan nan lalacewa ce, ba ta ƙara mata ko tamma.

Da farko, kada ka wanke. Na ga masu gogewa da toka da lemun tsami, sun kashe shaidar da suke nema da hannunsu.

Ka nemo wata irinta mai lafiya, in so samu ta shekara ɗaya, ka ajiye su gefe da gefe a inuwa mai haske. Gilashin da masu gyaran waya suke duba ƙananan abubuwa da shi ya isa, kada ka ɓata kuɗi a kan na'ura.

Sannan awo, kuma a nan ne na taɓa yin hasara. Na sayi wata dala biyar siririya kamar takarda, rubutunta duk yana nan, na ɗauka a kan ƙarfen wata ƙwandala aka buga ta. Da na kai wa wani maƙerin azurfa, sai ya ɗora ta a sikelinsa, ya sa ni na dube ta da gilashi. Fuskarta duk ƙananan ramuka kamar zanzana, haruffan sun rame, faɗinta ma ya ragu. Ruwan batir ne ko daɗewa a ƙasa mai gishiri, domin irin wannan ci ta ko'ina yake yi daidai da daidai, shi ya sa zanen ba ya ɓacewa. Dala biyar giram 8 ce, tsohuwar dala ashirin giram 7, tsohuwar dala goma giram 5. In nauyi ya ragu kuma fuska ta yi kaushi, ajiye ta. Ƙarfen da ya fito daga masana'anta, ko da kuskure, santsi gare shi. Ni ban sayen komai yanzu sai an auna a gabana.

Bayan awo ka bi da farce a hankali. Layin da ya taso sama, tambarin ne ya tsage, ƙarfe ya shiga tsagar, wannan kuskure ne. Layin da ya nutse, ƙarfe ya taru a gefensa, ƙarzuwa ce. In ka ga lotsawa, juya bayan. In wurin ya baje, guduma ce ko tayar mota. Haruffan da suka fito a juye kuma a nutse, sau da yawa wani ne ya haɗa ƙwandala biyu ya doka, ko da yake a masana'anta ma hakan na iya faruwa.

Wadda aka buga a karkace tana da fili mai siffar jinjirin wata babu zane, nauyinta kuma cikakke. Mai gutsuren baki, duba gefen da ke fuskantar gutsuren: in na gaske ne, bakin can ma bai fito sosai ba.

Dala arba'in da dala ɗari masu ƙarfe biyu, waɗanda suka fito a 2003, ka yi hattara da su, ana fitar da tsakiyarsu da ƙusa a mayar a juye. Kore, ja da baƙi duk aikin ƙasa ne da zufa, ƙuraje kuma wuta ce, huda ta masu abin wuya ce. Wadda ta tsallake duk wannan, sa ta ita kaɗai a ambulan takarda, ka rubuta nauyinta a kai.