Sa wa adireshinka hatimi kafin wani ya ce nasa ne

Ran 24 ga Fabrairu 2008, Pakistan Telecom ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsa kaɗai. Ya shelanta 208.65.153.0/24, wani ɗan yanki na adiresoshin intanet (IP) na YouTube, kamar a wurinsa suke, sai shelar ta tsallaka waje ta hannun PCCW, kamfanin da ke haɗa shi da sauran intanet, shafin ya ɓace wa duniya kusan awa 2. Halin BGP ke nan, tsarin da hanyoyin sadarwa ke sanar da juna ta inda za a bi a kai ga kowane adireshi: duk wanda ya ce hanya tana wurinsa, maƙwabta su gaskata shi, kuma shelar ƙaramin yanki ita ke rinjayar ta babba.

Waɗanda suka san wa ke da wane adireshi su ne hukumomin rajista biyar: AFRINIC, APNIC, ARIN, LACNIC da RIPE NCC. Ta tsarin RPKI suna ba ka damar rubuta shaida mai hatimi, ana ce mata ROA, cewa wannan yanki lambar AS kaza (lambar da ake gane kowace hanyar sadarwa da ita) ce kaɗai ke da izinin shelanta shi. Ga yadda nake yi.

Kafin ka taɓa shafin hukumar, hau rautarka, wato na'urar da ke shelanta adiresoshinka, ka lissafa duk abin da kake shelantawa yau, da AS ɗin da kowanne ke fita ta kai. Na taɓa tsallake wannan. Na yi ROA ga /22 ɗinmu, na manta akwai /24 guda, ƙaramin yanki a cikinsa, da ke fita ta wani kamfani mai tare mana harin ambaliya (wato cika layi da saƙonnin banza har ya toshe). Ba a jima ba manyan layuka suka fara jefar da shi, waya ta hau ruri, ni kuma ina ta neman ɓarawo, ashe ni ne.

Sai ka shiga asusunka ka yi ROA ga kowane yanki daidai yadda yake fita. Akwai gurbin maxLength, mai faɗin iyakar ƙanƙantar yankin da ka yarda a shelanta, kuma nan mutane ke ganganci. In /22 kake shelantawa, bar shi a 22. Ka buɗe shi zuwa 24 don "ko wata rana", ka miƙa wa ɓarawo gatari ne: zai liƙa lambar AS ɗinka a ƙarshen hanyarsa, ya shelanta /24, ya wuce a matsayin sahihi.

Asusun nan kuwa ka tsare shi. A Janairun 2024 an kutsa asusun Orange na Sifaniya a RIPE NCC saboda raunin kalmar sirri, aka rubuta ROA na ƙarya, intanet ya tsinke wa masu hulɗa da su. Kunna tantancewa mai mataki biyu.

Rabin aikin na biyu shi ne tacewa. Girka manhajar tantancewa, Routinator ko rpki-client ko FORT, guda biyu a injuna daban, ka haɗa su da rautocinka. Kowace shela za ta fito sahihiya, ko ta bogi, ko wadda ba ta da ROA. Yi mako guda kana kallo kawai, ka kira kwastomomin da nasu ya fito na bogi su gyara, sannan ka fara zubarwa. Marasa ROA ka bar su su wuce, don har yanzu suna da yawa.

ROA mafarin shela kawai take dubawa, ba ta bin sawun hanyar da ta biyo. Don haka matatun da kake ɗorawa kan kwastomomi daga bayanan IRR, rajistar hanyoyin da kowa ya ce zai shelanta, kada ka cire su.