Kuruza ko mashin ɗin tsere: kurakuran da samarinmu ke yi kafin saye da bayan saye

Yanzu a Birnin Kebbi da yamma ba ka rasa jin ƙugin babban mashin a titi, kuma duk wanda ya wuce sai a ce fawa bayik ne. To kuskuren farko kenan, a haɗa su a kwando ɗaya. Akwai kuruza, irin su Harley-Davidson da Honda Shadow da Kawasaki Vulcan, dogo ne, kujera ƙasa-ƙasa, ƙafa na miƙe gaba. Akwai kuma na tsere, su Yamaha R6 da R1, Honda CBR600RR, Suzuki GSX-R, wanda za ka ga mai shi ya kwanta kan tanki. Hawansu ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan, kuma da yawa sai sun biya kuɗi suke gane haka.

Mutum zai zauna kan na tsere minti biyu wurin dillali ya ce ya yi mishi, alhali zaman nan tsugunne ne, ƙafa ta koma baya, kan mashin ya yi ƙasa, to in bai iya ba duk nauyinsa sai ya sauka a tsintsiyar hannu, kafin ya kai Jega daga Birnin Kebbi hannu ya sage wuya ya riƙe. Gyaran shi ne ka matse tanki da gwiwa, ciki da baya su ɗauki nauyinka, hannu ya zama sake. Shi kuma kuruza da ake cewa zaman sarauta ne, eh da daɗi a cikin gari, amma tunda ƙafarka na gaba ba ka iya ɗagawa in ka faɗa rami, bugun kai tsaye ƙugu yake zuwa, ga iska na dukan ƙirji in babu gilashi a gaba. Wanda zai riƙa bin hanyar Koko zuwa Yauri ya san da wannan tun kafin ya saya. Kujerar kuruza takan kai kamar santimita 65 zuwa 70 daga ƙasa, ta na tsere ta haura 80, saboda haka gajere ya gwada ko ƙafarsa na taka ƙasa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne totur. Yaro ya saba da Boxer mai cc 100 (cc ma’aunin girman inji ne), ƙarfinta bai kai doki 10 ba, ko ka murɗe ta duka sai ta yi tunani kafin ta tashi, sai ya hau mai cc 600 da ƙarfinsa ya haura doki 100 da wannan hannun dai. Injin irin wannan silinda huɗu ne a jere, a ƙasa kamar mai sanyin hali, amma da allurar da ke nuna juyin inji ta hau sama sai ƙarfin ya taso gaba ɗaya, yana iya juyawa sama da sau 14,000 a minti. Nan ne mashin ke ɗaga gaba ko ya kwashe mutum zuwa bayan tirela. Kuruza yawanci injinsa silinda biyu ne a siffar V, ƙarfinsa tun daga ƙasa yake, ba sai ka yi ta canza giya ba. Don Allah wanda bai taɓa wuce Boxer ko roba-roba ba ya fara da mai cc 250 ko 300, ya koyi kuloci da totur a fili babu mota, babu abin kunya a ciki wallahi.

Sai birki. ’Yan kabu-kabu da yawa birkin ƙafa kawai suka sani, har ana tsorata yara wai birkin gaba na kayarwa. A babban mashin mafi yawan tsayawa birkin gaba ne ke yin ta, musamman na tsere, domin da ka taka nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sauƙi, in ka danne ta sai ta ja. Ana matsa na gaba ne a hankali sannan a ƙara, ba a cafke shi lokaci ɗaya. Kuruza da yake dogo ne kuma nauyinsa na baya, birkin ƙafa na taimakawa sosai, amma shi ma biyun ake haɗawa. Inda birkin gaba ke kayarwa da gaske shi ne kan yashi, ko in kan mashin a karkace yake kana tafiya a hankali, kuma yashi a bakin kwalta ai ba ya ƙarewa a garuruwanmu.

A kwana kuma kuskuren ya juya. Na tsere an yi shi ne don ya kwanta, kuruza kuwa cikinsa kusa da ƙasa yake, ka kwantar da shi da yawa matakin ƙafa ko salansa ya karci kwalta. Rage gudu tun kafin kwanar, ka kalli inda za ka fita, kada ka bi sahun abokinka mai R1. Ga nauyi, manyan Harley sun wuce kilo 300, na tsere kusan 200 ne, in kuruza ya fara karkata wurin fakin ba a tare shi da ƙarfin tsiya, ajiye shi ake koya a wuri mai tauri.

Zafin Afrilu ma a sa shi a lissafi. Na tsere da ruwa yake sanyaya inji, a cunkoson kasuwa zafin lagireto cinyarka yake gasawa, kuma zuba masa ruwan rijiya tsatsa yake kawowa, a nemi ruwan da aka yi don haka. Kuruza mai sanyaya da iska shi kuma ba ya son doguwar tsayuwa inji na aiki. Man kwalba na bakin hanya a guje shi, ƙurar hunturu kuma na toshe matatar iska da cin sarƙa, sai ana dubawa akai-akai. Yawancin waɗannan mashinan na hannu ne, ’yan Kwatano, to a duba shekarar taya, lambobi huɗu ne a gefenta, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, taya na iya zama da zane amma ta bushe. Ka tambayi bakanikenka ko ya taɓa buɗe irin injin, da inda za a samo kayan gyara, don sau da yawa sai an aika Kano ko Legas.

Hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, kuɗinsu a cire shi tun cikin kuɗin mashin. Masu kuruza sun fi sakaci da wannan wai su ba gudu suke ba, sai ka ga mutum da silifas da babbar riga tana kaɗawa kusa da tayar baya, a naɗe rigar nan ko a sa jaket a kai.