Neman gurbin bincike bayan digirin digirgir: fara tun kana rubuta kundi

Ɗalibin digirin digirgir in ya zo mini da maganar abin da zai yi bayan ya kare kundinsa, nakan tambaye shi ko akwai wani malami a wajen sashensu da ya san aikinsa. Yawanci babu. To daga nan aikin yake farawa, kuma shekara guda kafin ranar kare kundi ya kamata a fara, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalili shi ne manyan tallafin bincike ba sa karɓar mutum shi kaɗai, sai da mai masauki, wato malami ko jami'ar da za ta karɓe ka ka yi binciken. Ɗauki tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai. A watan Satumba aka saba rufe karɓar takardu, sakamako kuma sai wajen Fabrairu, kuma kai da jami'ar da za ta karɓe ka kuke nema tare. Dole digirin ya kammala kafin ranar rufewa, kuma kada ya zamana ka zauna a ƙasar da kake nema fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabaci wannan ranar. Gidauniyar Humboldt ta Jamus ita ma tana son mai masauki, kuma rukuninta na sababbin daktoci na waɗanda ba su kai shekara 4 da gamawa ba ne. Ka karanta sharuɗɗan shekarar da kanka, domin sukan canza.

Kafin ka rubuta wa kowa, gyara abin da za a gani in an nemi sunanka a intanet. Buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, kyauta ce, sannan ka haɗa maƙalunka a shafin Google Scholar.

Sai wasiƙar farko, wadda a nan mutane suka fi ɓata rawarsu da tsalle. Farfesan da kake rubuta wa yana samun imel irin naka da yawa, kuma daga layin farko yake gane wanda aka tura wa mutum hamsin. Kada ka cika ta da kirari. Ambaci maƙalarsa guda ɗaya da ka karanta da gaske, ka faɗi tambayar da ta bari a buɗe, sannan ka nuna dabarar da ka ƙware a kanta wadda za ta taimaka a amsa ta. Faɗi sunan tallafin da kake son ku nema tare da ranar rufe shi. Wannan yana kwantar masa da hankali, tunda ba daga asusunsa albashinka zai fito ba. Haɗa da takardar tarihin karatunka da maƙalarka mafi kyau. In mako biyu ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya, sannan ka nufi wani.

Masu rubuta maka takardar shaida kuwa, ba su akalla wata guda, tare da kwafin shawarar bincikenka.

In farfesan ya amsa maka, kada murna ta hana ka bincike. Nemi waɗanda suka taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ka tambaye su ina suke yanzu da yadda ake jera sunaye a maƙala. Shi kansa ka tambaye shi, tun kafin ka sa hannu, wane ɓangaren aikin zai bar maka ka tafi da shi ranar da za ka kafa naka rukunin bincike.