Yadda Za Ki Kula da Cibiyar Jariri

Maijego, ki fara da wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta. Ko kaka ce za ta taɓa shi, ita ma ta wanke.

Sai ki matso man cibiya, wato kilohesidin da ake samu a asibitocin Sakkwato, a kan yatsa. Ki shafa a bakin cibiyar, da jikinta, da fatar da ta kewaye gindinta. Sau ɗaya a rana, daga ranar haihuwa har kwana 7. Kada ya kusanci idonsa.

Ki naɗe ƙunzugu ƙasa da cibiyar don iska ta riƙa samunta.

Gashi da kasko ko tsumma mai zafi kuwa, a haƙura da shi. Na san inna za ta yi mita, amma yana ƙona fata. Toka, man shanu, man goge baki, duk suna iya jawo ƙwayar cuta. Kada ki ja cibiyar, da kanta za ta faɗi, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu.

In kin ga wurin ya yi ja, ko yana mugunya ko wari, ko jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ki kai shi asibiti a ranar, ko da ba a yi suna ba.