Yadda Ake Raba Gardamar Suna a Kundin Dabarun Ba da Labari

Idan mutane da yawa suka haɗu suna rubuta kundi guda na dabarun ba da labari, irin wanda kowa ke iya shiga ya gyara, faɗan farko kusan kullum a kan suna yake tashi. A ce an lura da wata dabara da marubuta ke yawan maimaitawa: jarumi ya yarda da wani, ya ba shi sirrinsa, can gaba sai a gano shi ne ke haƙa masa rami. Wani zai ce a kira ta "Amini Maci Amana". Wani zai ce "Maciji a Ɗaki" ya fi daɗin faɗa. Na uku kuma zai kafe sai an sa mata sunan wani mugu da ya gani a fim. Kafin mako ya zagayo an canza sunan shafin sau huɗu, mutum biyu sun yi fushi sun tafi, su kuwa misalan da aka zo tarawa babu wanda ya ƙara ko ɗaya.

Ba ƙananan kundaye kaɗai abin ke samu ba. TV Tropes, babban kundin dabarun ba da labari na intanet wanda aka fara a 2004, sai da ya ware sashe guda don gyaran shafukan da sunansu ko ma'anarsu ta rikice. Ga hanyar da nake ganin tana aiki. Ba zan tsaya bayanin yadda ake buɗe shafin tattaunawa ko duba tarihin gyare-gyare ba, wanda ya kai ga faɗan suna ya wuce nan.

Da farko, a daina taɓa sunan

Ranar da gardama ta tashi, a mayar da shafin kan sunan da yake da shi kafin rikicin, a kulle canjin suna. A faɗa wa kowa cewa wannan kullewar ba hukunci ba ce, tsayawa ce kawai har a gama magana. Wikipedia ta Turanci tana da dokar da ta hana mutum warware gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24. A wajen suna ni sau ɗaya ma ya isa. Wanda ya sake juya shi bayan an kulle, a dakatar da shi kwana ɗaya ya huce.

A rubuta ma'ana kafin a yi maganar suna

Ka sa kowane ɓangare ya rubuta, shi kaɗai, jimla biyu: mece ce wannan dabarar, kuma mene ne ya yi kama da ita amma ba ita ba ce. Jimla ta biyun ta fi muhimmanci. Sau da yawa za ka tarar ɗaya yana nufin aminin da tun farko da mugun nufi ya zo, ɗayan kuma yana nufin aminin gaskiya da kwaɗayi ya juya daga baya. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma babu sunan da zai rufe su duka. A raba shafin biyu, kowa ya ɗauki nasa, faɗa ya ƙare tun kafin a kai ga ƙuri'a.

Masana tatsuniya sun daɗe da kauce wa wannan matsala ta hanyar lamba. Antti Aarne, mutumin Finland, ya fitar da jerin nau'o'in tatsuniya a 1910, Stith Thompson na Amurka ya faɗaɗa shi a 1928 da 1961, Hans-Jörg Uther na Jamus ya sake tsara shi a 2004. A wannan jerin, labarin yarinyar da matar uba ke gallaza wa har takalmi ya bayyana ta, lambarsa 510A, ko a wace ƙasa aka ji shi. Lamba ba ta jawo faɗa, sai dai ba ta zama a ka, shi ya sa kundin jama'a ba zai rayu da ita ba. Amma a lokacin gardama tana da amfani. Ku kira shafin "dabara ta 12" har a gama, ku ga yadda zafin magana zai ragu.

Ƙirga misalai: nan ne yawanci ake faɗuwa

Sababbin masu gyara suna tsallake wannan matakin, su tafi kai tsaye wajen "wannan sunan bai yi mini ba". To, rashin yi maka ba hujja ba ce. Abin tambaya guda ne: shin sunan yana ɓatar da masu amfani da shi? Wannan kuwa ana iya ƙirga shi.

Buɗe jerin shafukan da suka yi nuni zuwa wannan dabarar. Manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke aiki da ita, da makamantanta suna da maɓallin da ke nuna su. Ɗauki hamsin. Kada ka ɗauki hamsin na farko a jerin, domin sau da yawa su ne tsofaffi, waɗanda masu kafa shafin suka rubuta da hannunsu, kuma dole su yi daidai. Idan shafukan ɗari biyar ne, ɗauki kowane na goma. Idan duka ba su kai hamsin ba, duba su gaba ɗaya.

Kowane misali ka jefa shi ɗaya daga kashi uku: wanda ya dace da ma'anar da aka rubuta, wanda ya saɓa mata, da wanda ba a yi bayanin komai ba, an dai rubuta sunan labari da sunan dabara an wuce. Kashi na ukun nan shi ne tarkon. Mai son a canza suna zai tura shi cikin kurakurai don adadinsa ya hau, mai son a bar suna zai tura shi cikin na daidai. Duka biyun maguɗi ne. Misalin da ba shi da bayani bai shaidi kowa ba, a ware shi gefe. A ce cikin hamsin ka sami 28 daidai, 14 kuskure, 8 babu bayani. Lissafinka 14 cikin 42 ne, wato kashi ɗaya bisa uku. A wurina, kuskure in ya wuce ɗaya bisa huɗu, akwai abin gyara.

Amma adadin kaɗai bai faɗi abin da za a gyara ba. Koma kan kurakuran goma sha huɗun ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, ka ga ina suka dosa. Idan sunan shafin "Maciji a Ɗaki" ne, kuma goma sha ɗaya daga ciki duk suna magana ne a kan maƙiyin da ya ɓuya a gidan jarumi, to sunan ne ke jan su, mutane na karanta sunan su ɗauke shi a zahirinsa ba tare da sun buɗe shafin ba. Nan canjin suna ya wajaba. Idan kuwa kurakuran sun watse, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma, sunan ba shi da laifi. Ma'anar ce ba ta fito ba, ko an binne ta a sakin layi na huɗu bayan doguwar shimfiɗa. Canza suna a irin wannan hali wahalar banza ce, bayan wata uku za ku dawo inda kuke.

Akwai kuma hali na uku da ba a cika lura da shi ba: shafi ya shekara biyu, dabarar kuma tana ko'ina a labarai, amma shafuka shida kacal suka yi nuni gare shi. Babu kuskure domin babu mai amfani da shi. Ko dai sunan ba ya zuwa bakin kowa, ko akwai wani shafin da ke cin kasuwarsa. Nemo wancan shafin kafin ka yi komai.

Mutum biyu ya kamata su yi wannan ƙirgar, ɗaya daga kowane ɓangare, kowa nasa daban, sannan a haɗa. Inda suka saɓa, a kawo na uku. Aikin yana cin yamma guda, wani lokaci biyu, kuma na san masu aikin sa kai ba su da wannan lokacin a kwance. In ya zama dole a rage, a yi ashirin da biyar, amma kada a sauka ƙasa da haka. A kuma manna jerin duka a shafin tattaunawa, da mahaɗar kowane misali, yadda duk mai shakka zai bi ya duba da idonsa.

Zaɓen sabon suna

Kada a sa wa dabara sunan wani ɗan cikin labari. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo zai so a kira mai wayon nan da ke damfarar manya da sunan Gizo, mutumin Ghana zai ce Anansi ne, wanda bai san ko ɗaya ba kuma sunan bai faɗa masa komai ba. TV Tropes ta canza irin waɗannan sunaye da dama. Akwai shafin da ke ɗauke da sunan Wesley, wani yaro a shirin Star Trek, aka mayar da shi suna mai nufin ɗan lelen marubuci, wanda ko ba ka taɓa kallon shirin ba za ka gane. Haka nan kada a yi suna da furucin da 'yan wasa ke faɗa, irin su "Ashe kai ne!", domin duk inda aka faɗi wannan kalma wani zai kawo shi a matsayin misali, ko da amana ba ta shigo labarin ba.

Banda sunayen da suka riga suka zauna a duniya. Bindigar Chekhov, wato abin da aka nuna a farkon labari dole ya yi aiki daga baya, da MacGuffin da mai shirya fina-finai Alfred Hitchcock ya yaɗa, wato abin da kowa ke bi a labari alhali shi kansa bai dami mai kallo ba, waɗannan an san su a makarantu da littattafan nazari. Ku bar su yadda suke.

Wanda ya fara buɗe shafi ba shi da iko a kan sunansa. Masana tsirrai suna ba sunan farko fifiko, suna ƙirgawa daga littafin tsirrai da masani Linnaeus ya fitar a 1753, amma su masana ke karanta su. Ku kuwa mai wucewa ne ke karanta ku.

Ƙuri'a biyu za a yi, ba ɗaya ba. Ta farko: a canza ko a bari? Sai in "a canza" ta yi nasara a buɗe ta biyu a kan sunaye. In aka haɗa su, masu son canji za su rabu gida huɗu, tsohon sunan da mafi yawa ba sa so ya lashe. A ta biyun a bar kowa ya goyi bayan duk sunan da zai iya zama da shi, ba guda kaɗai ba. Kwana bakwai ya isa, haka Wikipedia ta saba yi wa buƙatun canjin suna. Wanda zai rufe kuma ya zama bai sa baki a gardamar ba.

A sa doka inda hannu ke aiki

Duk abin da aka faɗa a sama zai sake faruwa wata mai zuwa muddin dokar suna tana kwance a tsohuwar tattaunawa, ko a kawunan mutum biyar da suka daɗe. Sabon shiga ba ya neman shafin dokoki. Shafukan da ya gani yake kwaikwayo. In ya ga tsofaffin shafuka goma da sunan 'yan cikin labari, zai buɗe na goma sha ɗaya, a goge masa, a ce ya karya doka. Wace doka? A ina take? Yana da gaskiya in ya ji an yi masa rashin adalci.

Don haka hukuncin da aka yanke a rubuta shi a shafi guda na dokokin suna, da kwanan wata, da dalili a layi ɗaya, da mahaɗa zuwa tattaunawar da ta haife shi. A bambanta doka da shawara, a rubuta a saman kowacce. Sannan a ɗauko taƙaitaccensa, layi biyar kada ya wuce, a sa shi a saman akwatin da ake rubuta sabon shafi, inda mutum ba zai iya buga suna ba sai idonsa ya bi ta kai. Duk tsohon shafin da sunansa ya saɓa wa dokar yau amma aka bar shi, a manna masa layi a sama: wannan sunan ya riga doka, kada a kwaikwaye shi. Mai warware gyaran wani kuma dole ya sa mahaɗar dokar a bayanin gyaransa. In ya nema bai samu ba, to babu dokar, ya mayar wa mutum aikinsa ya je ya kawo shawara.

Gwajin da nake so: fita daga asusunka, ɗauki waya ba kwamfuta ba, ka yi kamar yau ka zo. Ƙirga sau nawa za ka taɓa allo kafin ka ga dokar suna. In ya wuce biyu, a ɓoye take. Yawancin sanarwar da ake sakawa a gefen shafi ba ta fitowa a waya.

Sauran aikin

A matsar da shafin da maɓallin canjin suna, kada a kwafe rubutu a manna a sabon wuri, tarihin waɗanda suka rubuta zai ɓace. Tsohon sunan ya zauna a matsayin mai juya akala zuwa sabon, har da sunayen da suka faɗi a ƙuri'a in ba masu ɓatarwa ba ne. A duba kada mai juya akala ya kai ga wani mai juya akalar, MediaWiki tsalle ɗaya take yi ta tsaya. A bi shafukan da ke nuni a gyara, ana goge misalan kuskure a hanya, a raba aikin ashirin-ashirin. A saman shafin tattaunawa a rubuta tsohon suna, sabon suna, ranar hukunci, da cewa ba za a sake buɗe maganar ba sai bayan wata shida, sai dai in mutum ya zo da sabuwar ƙirga ta misalai hamsin.