Yadda ake mayar da matacciyar bindiga da tarkacen inji su zama ƙirar ado ta zamanin tururi

Yawancin masu fara wannan aiki wuri ɗaya suke faɗuwa. Za ka ga mutum ya tara kaya masu kyau, tsohon bututun bindiga, cikin agogon bango, ƙafar keken ɗinki, bawul na tagulla, sai ya kunna injin walda ya bi su duka da wuta iri ɗaya. Kafin minti biyar tagullar ta narke ta zama gulbi, ƙarfen zubin ya tsage, sifirin ɗin agogon ya ƙone. Saboda haka a kan haɗa ƙarafa zan fi daɗewa. Yadda ake riƙe zarto ko magagari kuwa ba sai na faɗa ba, wanda bai iya wannan ba ya je ya koya tukuna.

Salon wannan aiki, wanda ake kira sitimfank, yana ɗaukar kamanninsa ne daga zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, 1837 zuwa 1901, lokacin da tururi ke tuƙa jirgin ƙasa da injinan masaƙa. Kayansa tagulla ne da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, da ɗan katako da fata. Roba ba ta da wuri a ciki. Abin da ake so shi ne wanda ya kalli ƙirar ya ji kamar idan aka hura mata wuta za ta motsa.

Bindigar

Kada ka taɓa ta da wuta, ko zarto, ko injin huda, sai wanda doka ta ba izini ya kashe ta ya ba ka takarda. Kowace ƙasa da dokarta. A Birtaniya sai ɗaya daga cikin gidajen gwajin bindiga biyu, na Landan ko na Birmingham, ya duba ya buga hatimi kafin a ce bindiga ta mutu. A Amurka hukumar ATF mai kula da dokokin bindiga tana ɗaukar an lalata bindiga idan an narkar da gangar jikinta, ko an niƙe ta, ko an yanka ta da wutar gas a karkace a wurare uku, kowane yanka ya cinye aƙalla kwatan inci na ƙarfe. Tsatsa ba takarda ba ce. Bindigar da ta shekara hamsin a ƙasa, a idon doka tana iya zama bindiga har yanzu.

Mafi haɗari ita ce tsohuwar bindigar da ake ɗurawa ta baki. Masu ita kan ajiye ta a ɗure, su mutu su bar ta haka, albarushi kuma idan bai sha ruwa ba yana iya shekara ɗari da ransa. Ka kawar da bakin daga kanka da kowa, ka zura siririn sanda a hankali har ya tsaya, ka yi alama, ka fitar ka gwada tsawon a jikin bututun ta waje. Idan sandan bai kai ƙarshe ba, akwai abu a ciki. Ajiye ta, kai wa masani.

Ni shawarata, kada ma ka nemi cikakkiyar bindiga. Nemi gutsattsari: kunama, zoben da ke kare kunamar, gudumar da ke buga wuta, farantin ƙarfen da ke gindi, katakon. Sun fi araha, sun fi sauƙin sha'ani, kuma su ne ke da lanƙwasa mai kyau. Dubi abin da aka yi a Mozambik bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1992. Bishop Dinis Sengulane ya kafa shiri a 1995 inda mutane ke miƙa makamai a ba su garma ko keke ko keken ɗinki, ana yanka makaman gunduwa-gunduwa sannan a ba masu ƙira. Da waɗannan gunduwoyin Cristóvão Canhavato ya ƙera kujerar sarautar da ke gidan tarihi na British Museum yanzu. Yankakken ƙarfe bai rage wa aikinsa komai ba.

Sauran tarkacen da wanke su

A wurin 'yan gwangwan, ka je da maganaɗisu a aljihu. Abin da ya kama ƙarfe ne, abin da ya ƙi kamawa sai ka karce shi da magagari ka ga launinsa: rawaya tagulla, ja jan ƙarfe. Fari mai nauyi da taushi kuwa galibi haɗin tutiya ne, irin na jikin kafireto, wanda ke narkewa tun kafin zafi ya kai digiri 400 a ma'aunin Salsiyas. Ware shi gefe, ba ya shiga wuta ko kaɗan. Tsohon keken ɗinki, tafireta, ma'aunin matsin iska, sarƙar babur, boris, bawul na famfo, duk sayi. Sayen kilo ya fi sayen ɗai-ɗai, kuma kada ka nuna zumuɗi a kan abin da ka fi so.

Abu biyu game da agogo. Babban sifirin ɗinsa idan a naɗe yake zai iya tsaga maka yatsa, ka sassauta shi kafin ka kwance noti ko ɗaya. Fuskar agogo ko ma'auni mai lambobi masu haske a duhu, in na farkon ƙarni na 20 ne zuwa shekarun 1960, wataƙila da sinadarin radiyum aka shafa su, mai illa ga lafiyar ɗan Adam. Kada ka kankare, ka bar su inda ka gan su.

Maiƙo da kananzir da tsohon buroshi ake fitar da shi. Kada ka wanke abin da za ka yi wa walda da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin idan ya haɗu da wutar walda yana haifar da iskar fosjin, guba ce mai kisa. Tsatsa kuwa ruwan khal na cin ta cikin kwana ɗaya, amma yana cin baƙin launin da ke jikin ƙarfen bindiga ma, launin da ba za ka iya mayarwa yadda yake ba. Ga kayan bindiga, mai da lallausar wayar goge ƙarfe sun isa. Cikin bututun akwai ragowar dalma, sa safar hannu, kada ka gurje shi a bushe. Kuma kada ka goge komai har ya yi ƙyalli, tsufan nan shi ka biya kuɗi ka saya.

Shimfiɗa kafin haɗawa

Mu ce zalɓe za ka ƙera. Bututun bindiga ya zama wuya, tankin tsohon risho na tagulla ya zama ciki, gudumar bindigar ta zama tukku a ka, sandunan haruffan tafireta su zama gashin fiffike, ƙafar keken ɗinki ta zama gindin da zai tsaya a kai. Shimfiɗa su a tebur, ɗaure da waya, ɗauki hoto da wayarka, ka bar shi ya kwana biyu kana wucewa kana kallo. Abin da ya yi yawa zai fito da kansa.

Dokata a nan ɗaya ce: ba a liƙa faifai mai haƙora don ado. Kowane faifai haƙoransa su shiga na wani, ya kasance yana kan sanda, kowane bututu ya fito daga wani wuri ya shiga wani. Masu zuba faifayen agogo a jikin ƙira su bi da gam, kamar an barbaɗa gishiri, su ne suka ɓata wa salon suna.

Haɗawa

Ƙarfe mai ƙarfi yana narkewa a wajen digiri 1,400 zuwa 1,500. Ƙarfen zubi kusan 1,200. Jan ƙarfe 1,085. Tagulla ɗari tara da 'yan kai. Waldar lantarki tana wuce waɗannan duka nesa, to ka ga dalilin da ba za ta yi wa kowa adalci ba. Aikin yana bin jeri ne, daga mafi zafi zuwa mafi sanyi, kuma ba a komawa baya.

Fara da ƙashin, wato ƙarfe da ƙarfe, da waldar lantarki. Ɗiga-ɗiga kawai za ka yi, ka ja baya ka duba tsayuwar, sannan ka cika. Ɓoye waldar ta ƙasa ko ta baya. Duk abu mai rami da za a toshe, bututu ko tanki, huda masa ƙaramar kafa tukuna, in ba haka ba iskar ciki ta yi zafi ta tofo maka narkakken ƙarfe. Tankin risho kuma a wanke shi sarai, a bar shi a buɗe. Noti mai farin shafe, na tutiya ko kadmiyum, kada ya shiga wuta: hayaƙin tutiya yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, na kadmiyum yana lalata huhu.

Ƙarfen zubi, irin ƙafar keken ɗinkin nan, ba ya son zafi a wuri ɗaya. Za ka gama walda ta yi kyau, kana tattara kaya sai ka ji ƙas, ya tsage a gefen ɗinkin. Ana iya yi da sandar walda ta nikel, a ɗumama shi gaba ɗaya tukuna, a binne shi a busasshen yashi ya huce a hankali. Sandar da tsada, wahalar da yawa. Huda shi ka ɗaure da noti, yana hudawa cikin sauƙi, garinsa ma kamar toka yake fitowa.

Tagulla da ƙarfe kuwa, waldar azurfa ce maganinsu, da wutar gas. A nan ne ake gane mai haƙuri. Gurje wuraren biyu har su yi fes, su zauna da juna ratar ba ta fi kaurin takarda ba, domin azurfa ba ta cike rami, shiga take yi tsakani. Shafa hodar walda da aka dama da ruwa. Sa wutar a kan wanda ya fi kauri, ba a kan sandar azurfar ba. Ka zuba ido a kan hodar: za ta yi kumfa, ta bushe ta yi fari, sannan ta narke ta zama garau kamar gilashi, ƙarfen kuma ya fara ja mai duhu. Wannan ne lokacin. Taɓa sandar a bakin haɗin, za ka ga siririn layi mai sheƙi ya zagaye shi da kansa cikin daƙiƙa biyu. Janye wutar. Idan azurfar ta dunƙule ta tsaya a sama, ko dai zafi bai kai ba ko wurin da datti, kuma ƙara sanda ba zai gyara ba, asarar azurfa ce kawai. Idan farin hayaƙi ya fara tashi daga tagullar, ka wuce gona da iri, tutiyar cikinta ce ke ƙonewa. Haɗin da ka riga ka gama a kusa, naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka kunna wuta a maƙwabcinsa.

Kayan bindiga da yawa an ƙarfafa su da wuta tun a masana'anta. Gwada da magagari: idan ya zame bai ci ba, bakin injin huda ma ba zai ci ba, zai ƙone ne. Gasa wurin ya yi ja, binne shi a toka ya kwana, washegari zai hudu. Amma launinsa ya tafi ke nan, don haka gudumar da za ta zama tukkun zalɓen gara a kama ta da ƙaramin zoben jan ƙarfe a ɗaure da noti.

Ƙananan kayan agogo ba sa jure ko wutar azurfa. Nasu waldar dalma ce irin ta masu gyaran rediyo, wadda ke narkewa a ƙasa da digiri 200, ko kuma noti. Ni noti na fi so, na tagulla mai tsaga ɗaya a ka, domin mai tsagar gicciye sai a shekarun 1930 ya yaɗu, ido kuma yana ganewa. Sayi abin yanka tiredi, wato abin da ke yanka zaren da noti ke bi a cikin rami. Don noti mai kaurin milimita 4 ka huda 3.3, don mai 6 ka huda 5, ka ɗiga mai, juyi ɗaya gaba, rabi baya. Gam kuwa gilashi da fata kaɗai na yarda ya taɓa.

Ƙarasawa

Wanke ragowar hodar walda da ruwan zafi, in ka bar ta za ta ci ƙarfen ta fito kore. Inda wuta ta haskaka jan ƙarfe ko tagulla, rufe shi a kwano tare da ɗan ruwan amoniya a gefe, ba a jiƙa shi ba, tururin zai dusashe shi cikin 'yan awanni, a yi wannan a waje. Goge wuraren da suka fito da yatsa da tsumma su ɗan yi haske, a bar lunguna da duhunsu. Fentin zinariya na gwangwani kada ya zo kusa. Katako da fata da gilashin ma'auni su ne na ƙarshe. Ɗumama ƙarfen kaɗan, shafa kakin zuma, goge. Gindin ya fi saman nauyi, in bai yi ba ƙara farantin ƙarfe a ƙasa. Takardar kashe bindigar kuma ka yi kwafinta, duk wanda ya sayi ƙirar ka haɗa masa da ita.