Yadda Ake Zana Gaɓar Teku Mai Duwatsu da Salon Monet

A watan Satumba na 1886, mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, ya sauka a tsibirin Belle-Île da ke yammacin ƙasar. Ya kama ɗaki a ƙauyen Kervilahouen, bai bar wurin ba sai ƙarshen Nuwamba, da zane 39 a hannunsa. Yawancinsu duwatsu ne baƙi ƙirin da teku ke duka dare da rana a Port-Coton da Port-Goulphar da Port-Domois. Wanda ya matsa kusa da irin wannan zane a gidan tarihin Orsay na birnin Paris, ɗigo-ɗigon fenti kawai zai gani kamar an yi da gaggawa. Da ya ja baya taku huɗu, sai ruwan ya fara motsi. Wannan shi ne salon da ake kira imfireshanizim, kuma ana iya koyonsa. Sharaɗin shi ne ka yarda cewa hasken da ke kan dutse a wani lokaci na yini kake zanawa, dutsen kansa yana biyo baya.

Mataki na farko: rage kayan aiki. Ka nemi kyallen zane da aka ɗaura a katako, mai farin shafe ko ruwan toka mai haske, da buroshi masu faɗin baki da ɗan tauri guda uku ko huɗu, da allon haɗa fenti. Launi shida sun isa: fari, rawaya, ja mai haske, ja mai duhu, shuɗi da kore. Kusan abin da Monet ya riƙe ke nan a shekarunsa na baya. Baƙin fenti kuwa ka bar shi a gida. Fentin mai shi ne asalin aikin, amma na akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, ma yana yi, illa dai yana saurin bushewa.

Na biyu: zaɓi wuri, ka zaɓi lokaci. Haske ba ya jiran kowa. Inuwar da ka gani da hantsi ba ita za ka tarar da azahar ba, shi ya sa Monet yake fita da kyalle da yawa, idan rana ta juya ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Marubuci Guy de Maupassant ya gan shi a Étretat, wani gari a bakin teku a arewacin Faransa, yara na biye da shi ɗauke da zanensa. Kai ma ka ba kyalle ɗaya kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, washegari ka koma masa a daidai wannan lokacin. Idan da hoto za ka yi aiki saboda nisa da teku, ka nemi wanda aka ɗauka da safe ko da la'asar, lokacin da inuwa ta kwanta gefe guda.

In kuwa a bakin ruwan kake, ka fara sanin lokacin cikar teku. A Nuwamban 1885 igiyar ruwa ta yi awon gaba da kayan Monet a Étretat, shi kansa da ƙyar ya fita, don bai lura ruwan yana hauhawa ba. A Belle-Île kuma sai da ya riƙa ɗaure sandar da yake ɗora zanensa da igiya da duwatsu saboda iska.

Na uku: tsara fili. Ka ɗaga layin da teku ta haɗu da sama can sama, ka bar wa sararin samaniya ɗan siririn wuri. Haka Monet ya yi a zanen tsayayyun duwatsun Port-Coton, kuma ana danganta wannan tsari da zanen Japan da ya tara a gidansa na Giverny. Da siririn fenti shuɗi ka fitar da siffar manyan duwatsu uku ko huɗu, kada ka sa mafi girman a tsakiya.

Na huɗu, kuma a nan aikin yake: ruwa da dutse. Fara da wurare masu duhu. Ka haɗa shuɗi da ja mai duhu, za su ba ka shunayya mai zurfi, ita ce inuwar dutse. Gefen da rana ta taɓa kuma ka sa masa ruwan goro da ruwan hoda da ɗan ja. Dalili shi ne shuɗi da ruwan goro idan suka zauna kusa da juna kowane yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, abin da masanin sinadarai Chevreul ya bayyana tun 1839. Dutsen da aka yi da baƙin fenti yakan fito a mace, kamar rami a jikin kyalle.

Yanzu teku. Babban kuskuren mai koyo shi ne ya dama shuɗi da kore da fari a allo har su zama launi ɗaya, sannan ya shafe ruwan da shi. Kada ka yi haka. Ɗebi kore, ka ajiye ɗan gajeren layi mai lanƙwasa, ka ɗaga buroshi. Kusa da shi ka ajiye shuɗi. Kusa da wannan, shunayya. Ka bar su a haka, idon mai kallo ne zai gauraya su daga nesa, kamar yadda saƙar zare mai launi biyu ke zama launi ɗaya idan mai rigar ya yi nisa. Hannunka ya bi tafiyar ruwan: a gindin dutse inda ruwa ke juyawa layukan su murɗe su yi kauri, can nesa kuma su ƙanƙance, su kwanta, su yi sanyin launi. A ganina wannan sauyin girman layi shi ya fi komai ba zane zurfi, ya ma fi launin kansa.

Jikin dutse yana son wani hannu dabam. Layukan su zama gajeru masu kaifi, a tsaye ko a karkace, yadda dutsen ya tsage. Ka kuma duba irin dutsen da ke gabanka. Na Belle-Île mai duhu ne mai kaushi, na Étretat kuwa farin alli ne, har inuwarsa shuɗi-shuɗi take yi, kamar yadda ake gani a zanensa na 1883 na Manneporte, babbar ƙofar dutse ta Étretat, zanen da ke New York.

Na biyar: kumfa. Ita ce ta ƙarshe. Fari zalla kaɗan ake sawa, da kauri, a inda igiya ta fashe. Sauran kumfar ka karya farinta da ɗigon shuɗi ko kore ko ruwan hoda.

Duk bayan mintoci kaɗan ka ja baya, ka ɗan runtse ido ka duba. Idan dutsen ya tsaya da nauyinsa, ruwan kuma yana motsi, ka ajiye buroshi ko da kana ganin akwai sauran gyara. Ba laifi ba ne ka ƙarasa a ɗaki, Monet ma yakan koma Giverny ya daidaita launukan zanensa, amma gyaran ya tsaya ga launi, kada ka goge sawun buroshi. Fentin mai da aka sa da kauri yana ɗaukar makonni kafin samansa ya bushe, don haka ka jingine zanen inda ƙura ba ta kai, kada ka shafa masa man ƙyalli sai bayan wata shida.